Na Amince, Baba

Ranar ɗaurin auren ƙanwar matata a Unguwar Rogo da ke Jos, gidan surukaina ya koma kasuwar Taminus. Janareta na ruri, masu kiɗan ƙwarya na cashewa a cikin gida, maroƙi ya kama lasifika ya ƙi saki, yara na tsala ihu. Ana cikin haka surukina ya aika a kira ni zaure. Na cire takalmi na durƙusa.

Da farko ina jin sa tsaf. Ikon Allah ke nan: duk hayaniyar a cakuɗe take shiga kunne, amma akwai wani sashe na ƙwaƙwalwa, daidai saitin saman kunne, da ke tsince ta kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Sautukan da suka tashi tare, daga wuri ɗaya, kaurinsu ɗaya, sai ya haɗa su ya ce wannan muryar mutum ɗaya ce. Ta Baba mai kauri ce, ga ta a gabana, ba ta ɓata mini ba.

Sai ta bayan katanga na ji wata mata ta ambaci sunana, ta ɗora da "ai bashi ya yi masa katutu."

Nan take hankalina ya haura katanga ya bar gangar jiki a durƙushe. Bakin Baba na motsi, ni kuwa sai gyaɗa kai.

"To, ka amince?"

"Na amince, Baba. Duk yadda kuka ce."

"Madalla, Allah ya yi albarka."

Sai bayan la'asar na san abin da na amince da shi: mayar da su Gwaggo Bauchi a motata, da man aljihuna, sannan in biya ta Toro in sauke wata tsohuwa da akuyarta.

Ƙanin matata mai karatun likita ya yi dariya har da hawaye. Ya ce tun 1953 wani Baturen Ingila, Colin Cherry, ya riƙa sa wa mutane magana biyu, kowane kunne da tasa, ya ce su bi ɗaya. Ɗayar kuwa ko an juya ta Jamusanci ba sa lura, sai dai su gane namiji ne ko mace. A 1959 wani Bature kuma, Neville Moray, ya cusa sunan mai sauraro a kunnen da aka yi watsi da shi, kusan mutum ɗaya cikin uku ya ji.

"Yaya, kai kana cikin ukun nan, kuma kai ne ɗayan."

Na ce masa Turawan nan ba su da suruki, shi ya sa abin ya zame musu bincike.

Da na dawo cikin dare, sanyin Jos na kaɗa ni, mota na warin akuya, na sa uwargida ta binciko mini wadda ke yaɗa zancen bashina. Ta dawo tana ƙunshe dariya. Wai ba ni ake nufi ba, takwarana ne, mai gyaran janareta.