Ƴan fada, cikar ciki daban abinci daban

Assalamu alaikum ƴan uwana samarin Damagaram, musamman mu da muke kwana a fada, wato majalisar hirar samari, ana zuba shayi. Akwai abinda yake damuna wallahi, sai ka ga matashi majiyi ƙarfi amma kullum jiri, kullum kasala, idonsa fari fat, ya je asibiti a ce masa ƙarancin jini ne sai ya kama mamaki wai ai shi yana cin abinci sau uku. To me kake ci ɗin? Safe burodi da shayi, rana shinkafa da mai da yaji, dare taliya da magi. Wannan duk kusan abu guda ne ka ci sau uku, mai bada ƙarfi ne kawai, shi kuwa jiki yana son mai gina shi da mai kare shi daga cuta.

Mai gina jiki shine furotin, kuma ba dole sai kilishi ba don na san halin aljihu. Wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, ƙwai, nono, har farar nan da ake soyawa da yaji duk suna da shi. Gero da dawa furotin ɗinsu bai cika ba, abinda suka rasa wake yake da shi, shi yasa in aka haɗa su a kwano ɗaya sai su cike ma juna, kakanninmu da suke dama fura da nono ko su zuba wake cikin dambu basu yi lekol ba amma sun fi mu sanin ciki.

Sai maganar shayi, nan ne zan ɓata ma wasu rai. Jini baya samuwa sai da sinadarin ƙarfe, akwai shi a hanta da jan nama da wake da ganyaye irin zogale. Shi kuma shayi mai kaurin nan yana da wani sinadari da yake kama ƙarfen a hanji ya hana jiki tsotse shi, mu kuwa ana aje kwano sai a ɗora buta, na ɗaya na biyu na uku, ga sukari kamar za a yi alewa. Don Allah a bari ko awa 1 ne ta wuce bayan abinci. In da hali a matsa lemun tsami a kwaɗo ko a yanka tumatir ɗanye, bitamin C ɗin dake ciki yana taimaka ma ƙarfen ya shiga jini.

Dala ashirin ɗin da kake bada wa a sayo sukari zata iya samo maka ƙuli-ƙuli, lokacin sanyi kuwa kayan garka na Mirriya suna cika Kasuwar Dole, karas da kabeji da salati, amma sai mu wuce muce abincin mata ne. Karas da kabewa da mangwaro da zogale su ke ɗauke da bitamin A, rashinsa ke kawo dundumi. Gishiri a nemi mai aidin saboda maƙoƙo.

Ku kuma masu ɗaga ƙarfe da ƙannenmu mata masu sayen ƙwayar ƙiba wurin ƴan talla, ku ji tsoron Allah da jikinku. Wasu ƙwayoyin ruwa suke tarawa su kumbura fuska, su tada hawan jini da ciwon suga, ba tsoka suke ginawa ba.

Ango, in madam ta samu ciki kar ka cinye tsokar miya ka bar mata romo, ta fi ka buƙatarta yanzu, ka kuma tabbatar tana shan ƙwayar ƙarin jinin da ake bata wurin awo. Jariri nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba a bashi, bayan nan a fara kunu da garin gyaɗa ko wake a ciki.