Kallon Kitse Ake Wa Rogo A Kurmin Borniyo

Ƙidayar da Indonesiya ta yi a 2020 ta nuna mutum sama da miliyan 150 na zaune a tsibirin Jawa, fiye da rabin al'ummar ƙasar ke nan, a kan filin da bai wuce kashi 7 cikin 100 na faɗinta ba. Kalimantan kuwa, wato ɓangarenta na tsibirin Borniyo, ya ninka Jawa kusan sau huɗu, amma mutanensa ba su kai miliyan 17 ba. Duk mai mulkin da ya shimfiɗa taswira a gabansa sai ya ga magani a fili: a kwashi jama'a daga inda suka cunkushe a kai su inda kurmi ke zaune a banza. Ni a ganina wannan tunanin ne ya fi komai cutar da Borniyo.

Ba haka kawai mutane suka taru a Jawa ba. Ƙasan tekun Indiya na nutsewa a hankali ƙarƙashin tsibirin, shi ya sa duwatsu masu aman wuta suka jeru a tsakiyarsa. Suna kisa, gaskiya ne. Dutsen Merapi kaɗai ya halaka mutum fiye da 300 a 2010. Amma tokar da suke fesowa taki ce. Manomi ya binne 'yan uwansa, ya dawo ya kafa gonarsa a gindin dutsen, domin ya san a nan shinkafa ke yi sau biyu ko uku a shekara.

Borniyo ba ta da wannan gatan. Ƙasarta tsohuwa ce, ruwan sama ya daɗe da wanke ta. Itatuwan da kake gani sun toƙare sama, ganyensu da ke zubowa ya ruɓe shi ne abincinsu; ka sare su, cikin 'yan damuna gonar ta mutu. A wasu wuraren farin yashi ne zalla a ƙarƙashi, mutanen Iban ma suna da suna gare shi, kerangas, ƙasar da shinkafa ba ta yi. A kudancin tsibirin kuma fadama ce mai tulin ruɓaɓɓun ganyaye da saiwoyi da suka taru shekaru dubbai cikin ruwa mai tsami, zurfinsu kan wuce mita 10. Da al'ummun Dayak, 'yan asalin tsibirin, ke noma wuri su bar shi ya huta shekaru, ana yi musu kallon marasa wayewa. Su ne dai suka karanci ƙasar.

Turawan mulkin mallaka na Holan ne suka fara kwasar mutane daga Jawa a 1905, zuwa Sumatara, gwamnatocin bayan 'yanci suka ɗora. Wanda ya wuce gona da iri shi ne shugaban ƙasa Suharto. A 1995 ya ba da umarnin mayar da hekta miliyan ɗaya na fadamar Kalimantan ta Tsakiya gonar shinkafa. Aka haƙa magudanan ruwa na sama da kilomita 4,000, ruwa ya tsiyaye, tulin nan ya bushe ya koma makamashi. Shinkafar kirki ba a gani ba. Da fari ya zo a 1997 sai wuta ta kama, irin wadda ke ci ta ƙarƙashin ƙasa wata da watanni, mai kashe ta na tsaye a kanta bai sani ba. Hayaƙi ya turnuƙe har Singafo da Maleshiya. A 2015 aka maimaita, Bankin Duniya ya ƙiyasta asarar ƙasar a dala biliyan 16.

Na san za a ce ƙasa mai mutum sama da miliyan 270 dole ta nemi abin da za ta ci, kuma ba a ce wa mai jin yunwa ya bar daji saboda birai. Na yarda. Sai dai wane ciki wannan aikin ya cika? Da an ce an yi asarar kurmi an sami hatsi, da sai mu zauna mu auna. Nan kuwa ba tsuntsu ba tarko.

Abin da ya fi ba ni mamaki, a 2020 gwamnatin shugaba Joko Widodo ta sake komawa wannan yankin da sabon shirin manyan gonaki. A gundumar Gunung Mas aka sare ɗaruruwan hekta na kurmi domin a shuka rogo. Ƙasar wurin yashi ce, rogon ya tsumbure.