Lizzy Yarnold da uzurin "ba mu da ƙanƙara"

Jama'a, akwai wani wasa da ake kira sikeleton. Mutum zai sheƙo da gudu yana tura wani ɗan allo mai ƙafafun ƙarfe, ya faɗa kansa rub da ciki, kai a gaba, haɓa na dab da gogar ƙanƙara, ya sulale cikin lungu mai lanƙwasa da gudun da ya haura kilomita 120 a awa. Ba birki, ba sitiyari, da kafaɗa da gwiwa ake juya shi. Ni dai ko da kuɗi aka haɗa ni ba zan hau ba.

Lizzy Yarnold 'yar Ingila ta ci zinare a wannan wasa a Olamfik na lokacin sanyi a Sochi ta Rasha a 2014, ta sake ci a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu a 2018, ita ce ta fara kare wannan kambu. A karo na biyun ma da ciwon ƙirji da jiri ta shiga gasar.

Abin da ke tsaya mini a rai shi ne Birtaniya ba ta da hanyar zamiya ta ƙanƙara ko ɗaya. Abin da suke da shi wani ɗan filin koyon turawa ne a Jami'ar Bath. Ita kanta Lizzy 'yar guje-guje da tsalle-tsalle ce, sai a 2008 wani shirin farautar 'yan mata masu baiwa ya gwada ta, aka ce jikinta ya dace da sikeleton. Aka ɗauke ta, aka kashe mata kuɗi, aka jira shekara shida. Allonta ma suna ta raɗa masa, Mervyn, sunan wani abokin aikinta da ya tallafa mata tun ba a san ta ba.

A wannan tseren na 2018 akwai Simidele Adeagbo da tutar Najeriya, ita ma tsohuwar 'yar tsalle. Watanni kaɗan kafin gasar ta fara hawa allon, ta zo ta 20. Wasu suka yi ta dariya. Ni ban ga abin dariya ba, tunda an haɗa mai watanni da mai shekara goma. Idan aka ce mini rashin ƙanƙara ne ya hana mu 'yan Najeriya taɓuka abin kirki a irin wannan wasa, sai in tambaya: a Kano ko Jos, wa ke zagaya makarantu da agogo a hannu yana neman yarinyar da ta fi kowa gudu?