Wai babu inda za a hau keke a Arewa

Na ga abin da bawan Allahn nan ya rubuta a ƙarƙashin hoton yawon kekena da na sa ranar Lahadi. Kun san shi, ba sai na kama suna ba. Wata tara ya yi a ƙasar Holan, tun da ya dawo ruwan ƙasar nan ma ya daina yi masa daɗi a baki. Wai: "Allah sarki, a ƙasar nan ina ka ga hanyar keke? Ka je Turai ka ga yadda ake yi." Sai ga wani ya biyo bayansa da "Allah ya kawo sauƙi, an sayar da motar ne?" Jama'a kuwa suka yi ta danna dariya.

Motar tana nan, Alhaji, lafiyarta ƙalau, na lulluɓe ta da tamfol. Ita ma ta huta.

Ni ba dariyar ce ta dame ni ba, wanda ya hau keke da furfura a gemu ai ya shirya wa dariya. Abin da ya tsaya min a rai shi ne "ina ka ga hanya". Mutumin da an yanke masa cibiya a ƙasar Haɗejia, bai taɓa wuce tashar mota da ƙafarsa ba, shi ne zai gaya min babu hanya. Hanyar tana nan. Kai ne ba ka taɓa bin ta ba. Raini ne ya hana ka gani, rainin keke da rainin ƙauye, ka haɗa su biyu ka kira shi wayewa.

Hoton nan da kuka yi wa dariya, na ɗauke shi ne bayan na fito daga Haɗejia da sallar asuba, na nufi wajen Kirikasamma, na saki babban titi na bi wata 'yar hanya da ta ratsa fadama. Sanyin hunturu yana cizon yatsu, har sai da na sa hannu ɗaya a hammata ina tuƙi da ɗaya. Ruwa dama, ruwa hagu, hazo ya kwanta a kai kamar an shimfiɗa farin mayafi. Wani zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya, ko kallona bai yi ba. Kirinjijiya suka tashi garke guda suna fito. Can ciki wani masunci yana tura kwalekwale da gora, sai ƙarar ruwa kake ji da ƙarar kacar kekena, shi ke nan. Na yi fiye da rabin awa mota ɗaya ba ta wuce ni ba. Abin da ya wuce ni amalanken shanu ne, sai wani tsoho a kan keke Phoenix, ya ɗaure kwando biyu na kifi a kariya, ya yi min sallama ya bar ni a baya ina haki, ni da kekena mai giya.

Wannan ce hanyar da aka ce babu.

Kuma abin haushin, Turawan da kake mana gori da su sun fi ka sanin wurin. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar kare dausayoyi ta Ramsar, a shekarar 2000. Fadamar Baturiya, nan ƙaramar hukumar Kirikasamma, ta shiga a 2008, tare da Dagona ta ƙasar Bade a Yobe. Mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokacin, marigayi Yarima Philip, da kansa ya zo Dagona a 1989 don ya kalli tsuntsaye. Tsuntsayen ma fa, da yawansu daga Turai suke tasowa idan sanyi ya kama can, su tsallake teku, su tsallake Sahara, su sauka a fadamun nan su yi watanni. Tsuntsu mai ƙwaƙwalwa kamar ƙwayar gyaɗa ya gane cewa akwai abin zuwa a Haɗejia da Nguru, ba biza, ba tikiti. Kai da digiri biyu ba ka gane ba.

Holan ɗin ma mene ne? Fadama ce. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yana ƙasa da teku, da madatsai suke tare ruwa. Abin da ya bambanta su da mu shi ne ba sa jin kunyar keke. Firaministansu na da, Mark Rutte, a keke yake zuwa ofis, ranar da ya sauka daga mulki a 2024 ma a keke ya tafi gida. Wannan ka gani ka yi tafi, ka ɗauki hoto. Ka dawo gida ka ga ɗan'uwanka a kan keke ka ce babu hanya. To ka gaya min, hanya ce babu, ko kuwa idon ne?

Na san abin da za ku ce, tun kafin ku rubuta. Tsaro. To, ban ce kowa ya ɗauki keke ya faɗa dajin da bai sani ba da tsakar dare. Da rana ake tafiya, a yi sallama, a tambayi mutanen gari, su suka san inda ake bi da inda ba a bi. Zafi. Wa ya aike ka a watan Afrilu da azahar? Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ka fita da asuba ka dawo da hantsi, har rigar sanyi za ka nema. Ramuka. Ramin da ke karya wa motarka ƙafa, ni kewaye shi nake yi ina waƙa. Ambaliya. Gaskiya ne, a 2022 ruwa ya yanke hanyoyi a Jigawa ya raba mutane da gidajensu, kuma ba abin wasa ba ne, amma ba wanda ya ce ka je a watan Satumba. Duk waɗannan hujjoji ne na wanda tun farko bai yi niyya ba. Da an ce ana rabon kujerar Makka a ƙarshen hanyar, da tuni kun gano ta, har da ta yanke.

A dawowa ƙaya ta huda min tayar baya. Na tura keken zuwa wani ƙauye, na tarar da mai faci a gindin tsamiya, dattijo, da tsohuwar tasa ta ruwa a gabansa. Ya zare tif ɗin, ya ba shi iska, ya dinga nutsa shi a ruwa taki-taki har kumfa ta fito, siririya kamar zare. Ya tsinke wani tsinke ya soka a wurin don kada ya ɓace masa. Ya kankare da wani guntun gwangwani da aka huhhuda da ƙusa, ya shafa sholisho da ɗan yatsa, ya ajiye yana jira ya sha iska. A nan ya dube ni.

"Ɗan samari, daga ina?"

"Daga Haɗejia, Baba."

"Ina za ka?"

"Babu ko'ina, Baba, zagayawa kawai nake yi."

Ya yi shiru, ya kalli keken, ya kalli hular kwanon da ke kaina, ya ce, "Ikon Allah. Mu muna neman hutu, ku kuna neman gajiya." Ya manna facin da ya yanko daga wani tsohon tif, ya bubbuga da ƙotar sukundireba. Da na miƙa masa kuɗi da ɗan ƙari, ya cire nasa ya mayar min da sauran, ya ce baƙo ba ya biya biyu. Facin nan har yau bai saki ba. Shi ma dariya ya yi min, amma tasa ban ji zafinta ba, don shi ya san hanyar, kullum a kanta yake.

Wanda kuma ya ce shi fadama shimfiɗaɗɗiya ce ba ta motsa jini, to ya gangara kudu. Tsakanin Dutse da Birnin Kudu zuwa Gwaram ƙasar tudu da gangare ce, duwatsu a zube kamar an jera su da hannu, ka hau kana cije leɓe, ka gangaro iska tana cika maka riga. A Birnin Kudu akwai zanen shanu a jikin duwatsu wanda mutanen dauri suka yi tun kafin a san da kakannin kakanninmu. Sunan jihar ma ai daga jigayi ya samo asali, tudun yashi bayan tudun yashi. A mota ba ka sanin ƙasa tana hawa da sauka, sai dai ka ji direba ya canja giya. A keke cinyarka ce za ta gaya maka.

Wallahi wani lokacin abin tausayi yake ba ni fiye da haushi. Mahaifina da Raleigh ya yi aikin koyarwa shekara da shekaru, ranar Juma'a ya wanke ta ya goge wayoyinta ɗaya bayan ɗaya da tsumma, ba mai taɓa ƙararrawarta sai da izini. A zamaninsu mai keke babban mutum ne. Yaushe muka mayar da shi alamar karayar arziki? Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane nawa ne suka zaro tsofaffin kekuna daga bayan ɗaki? Suna hawa suna sunkuyar da kai kamar sun yi sata. Ba su yi wa kowa laifi ba. Irin maganarka ce, Alhaji, take sa su sunkuyar da kai.

Kuma fadamar nan da ba ku damu ku gani ba, ba yadda take a da take ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan kogin Haɗejia ya daina zuwa da tafiya irin ta da, ya koma yana kwance a wasu wurare duk shekara. Ciyawar ruwan nan kachala ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama masaukin tsuntsaye jan-baki masu cinye wa manoma shinkafa. Akwai inda na bi, kachala ta fi ni tsawo dama da hagu, ba ka ganin ruwan ma sai dai ka ji warinsa. Manoma da masunta sun daɗe suna kuka. Amma ta ina wanda ya ce babu hanya zai ji kukan mutanen da ke bakin hanyar?

Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan sake fita, bayan sallar asuba. Mai zuwa ya zo da ruwansa da tif na ko-ta-kwana, kada kuma a zo min da babbar riga, kaca za ta ci ta.

Af, na tuna. Wanda ya ari famfona tun kafin azumi, ja ne, an ɗaure bakinsa da roba, ya san kansa, kuma na ga sunansa cikin masu danna dariya. Ka dawo min da shi. Na kasuwa yanzu duk na roba ne, bugu uku sun tsage.