Alhaji a Zauren Kiɗan Turawa

(Landan, zauren Royal Albert Hall. Ɗan Boko ya kawo kawunsa kallon makaɗan okestra.)

ALHAJI: Kai yaro, kukan kuliyoyin nan muka biya kuɗi mu ji?

ƊAN BOKO: Ba a fara ba, Kawu, saiti suke. Ka ga mai busa obo, ƙanwar algaita? Shi ke ba da sautin "A", mai kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, kowa ya ɗaure tsirkiyarsa a kai. Zafin zaure kan sa tsirkiya ta saki, abin busa kuma ya haura, shi ya sa bayan hutu za su sake.

ALHAJI: Mutum kusan tamanin, ba lasifika? Talauci ne?

ƊAN BOKO: Daɗin ke nan. Daga katako da tagulla sai kunnenka. Masu goge a gaba, 'yan sarewa a tsakiya, kakaki da tambura can baya, don kakaki ɗaya sai ya danne goge goma.

ALHAJI: Wancan mai korar ƙuda da tsinke fa? Har ya juya mana ƙeya!

ƊAN BOKO: Madugu ne. Hannun dama na ƙirga bugu, na hagu na cewa a sassauta, a ƙara, ko wane ya shigo.

ALHAJI: Ga ma'aikacin bogi can riƙe da murfin tukunya biyu. Tun ɗazu bai taɓa komai ba.

ƊAN BOKO: Ƙirge yake a zuci. Ya kuskure bugu ɗaya, ƙarar ta faɗo inda ake raɗa, ya kashe musu kasuwa.

(Kiɗa ya tsaya. Alhaji ya tafa shi kaɗai. Mutum dubu biyar sun waiwayo.)

ƊAN BOKO: Kawu, don Allah! Ba a tafi sai a ƙarshe. Kiɗan kashi huɗu ne, yanzu aka gama na ɗaya. Madugu bai ma sauke hannu ba. Alawar tarin nan ma ka ɓare ta yanzu, ledarta har sama ana ji.

(Can gogen suka yi ƙasa ƙasa, sai tambura suka taso.)

ALHAJI: (da raɗa) Wallahi a ƙirjina na ji shi. Tsigar jikina ta tashi. Matsa in je in yi liƙi.

ƊAN BOKO: Ba a liƙi a nan.

ALHAJI: To kira min mai kiɗan in ba shi kujerar Makka.

ƊAN BOKO: Beethoven, wanda ya tsara kiɗan? Ai ya mutu tun 1827.

ALHAJI: Allahu akbar. To, magada fa?