Gombe ta fi Ingila buƙatar wake a gwangwani

Duk ɗan Gombe da ya zo Ingila zai ce zafin nan bai kai ya kawo ba, kuma da gaskiyarsa, domin wanda ya yi azumi a watan Afrilu a Gombe ya san zafi. Sai dai gidajen nan an gina su ne don su riƙe ɗumi. Babu fanka a sama, babu tsakar gida, babu inuwar darbejiya. A watan Yulin 2022 zafi ya haura maki 40 a karon farko a tarihin ƙasar, kuma ko a shekarar da bai kai haka ba, tsayuwa gaban murhu a ƙaramin kicin da rana tsaka wahala ce. A irin wannan lokacin ne jan waken gwangwani yake da rana.

Wake ne manya-manya, ja mai duhu, mai siffar ƙoda. Asalinsa daga nahiyar Amurka ne, ba jinsi ɗaya ba ne da namu. Gwangwanin da aka fi sayarwa a nan giram 400 ne, idan an tsiyaye ruwan sai a samu wajen giram 240 na wake, dafaffe sarai tun daga masana'anta. A juye a kwando, a ɗauraye har ruwan nan mai yauƙi ya tafi, shi ke nan.

Turawa sukan haɗa shi da masara da ɗan mai da ruwan kal su ci da sanyinsa. Ni dai wannan haɗin bai taɓa gamsar da ni ba, salam nake jin sa. Kwaɗo nake yi da shi. Dakakken ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir, attaruhu, kokwamba, ɗan man gyaɗa, gishiri, sai a matse lemun tsami a kai, in an samu zogale kuwa to an gama. Ɓawon wannan waken yana da kauri, don haka komai juyawar da za a yi masa ba ya damewa. Kowace ƙwaya tana nan tsaye, garin ƙuli ya lulluɓe ta, in an tauna sai a ji cikinta gari-gari. A kwaɗo kam ya fi namu, domin namu in ya nuna luguf yake yi, ya sha mai, kuma da zafinsa ya fi daɗi.

Amma iyakarsa ke nan a wurina. A garau-garau ba ya shiga jikin shinkafa, ba shi da ƙamshin nan da ke tashi idan an buɗe tukunya. Mutanen Jamaika suna dafa shi da shinkafa da madarar kwakwa, Indiyawa suna miya da shi, girke-girke ne da aka gina a kansa tun asali. Ƙosai da alala kuwa ba a ma maganarsu, tunda ɗanyen wake suke so, a surfa, a markaɗa. Kuma wanda ya sayi busasshensa kada ya yi masa irin dahuwar da ya ga dama. Ɗanyensa yana da sinadari mai guba da ke sa amai da gudawa, ƙwaya huɗu ko biyar ma sun isa. Sai an jiƙa shi ya kwana, an zubar da ruwan, an tafasa shi sosai aƙalla minti 10 kafin a rage wuta. Na gwangwani ya riga ya wuce wannan matakin.

Da na ba Goggo labari a waya, cewa ta yi, "Ke 'yar nan, wake a gwangwani? Ai wannan girkin ragwaye ne." Na ce, "Goggo, Allah ya bar mana ku, amma ku tuna yadda kuke fitowa daga madafa a watan Afrilu." Na san abin da idona ya gani: a tsince wake, a wanke, a jefa kanwa, a hura icce ko gawayi, a yi awa guda ko fiye ana gadin tukunya, zani ya jiƙe sharkaf da gumi, ido ya yi ja don hayaƙi. Wanda ya rage kuma, in babu wutar lantarki, kafin dare ya yi tsami. Ban ga ragwanta ba a ce mace ta huta da wannan ko da sau biyu a mako.

Inda waken gwangwani ke da matsala shi ne kuɗi. Gwangwanin da aka shigo da shi daga waje, ake sayarwa a manyan kantunan Najeriya, ba na talaka ba ne, kuma ba na kiran kowa ya bar kwanon awo ya koma kansa. Abin da ke ci mini rai daban ne. A kantunan nan, kusa da jan waken, akwai farin wake mai baƙin ido, irin namu sak, shi ma dafaffe a gwangwani. Ashe abu ne mai yiwuwa. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wannan wake a duniya, kuma wanda ya taɓa shiga Tudun Hatsi bayan kaka ya ga yadda ake loda buhuna a manyan motoci zuwa Kudu. Duk ɗanye yake fita. A nan Ingila wuta ba ta ɗaukewa, kowa na da firji, gwangwani sauƙi ne kawai. A Gombe kuwa, abincin da zai yi shekara a ajiye ba firji, ba ƙwaro, ba sai an hura wuta ba, buƙata ce. Ɗalibin jami'ar Kashere yana so, ma'aikaciyar jinya da ta taso daga aikin dare tana so, haka mai neman abin sahur.

Kafin a kai can akwai gyara a wajen ajiya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, irin fiya-fiyar nan da wasu ke zubawa a buhu don tsoron ƙwaro. Babu masana'antar da za ta dafa irin wannan ta rufe a gwangwani ta sa sunanta. Alhali buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, yana kashe ƙwaron ta hanyar hana shi iska, ba tare da ɗigon magani ba, kuma manoman Arewa da dama sun san shi. Ina roƙon 'yan kasuwarmu na hatsi su fara daga nan, masu jari na Gombe da Bauchi kuma su dubi wannan harka da idon basira.