Gomar nan tawa ce, ko Dogo ya yarda ko kada ya yarda

Tunda Dogo ya riga ya zagaya majalisu uku da labarin abin da ya same ni a gasar harbin nan, daga Mabera har Gawon Nama, kuma kowace majalisa da irin gishirin da yake ƙara masa, to bari ni ma in faɗi nawa, wanda zai yarda ya yarda.

Kun dai san yadda abin ya faro. Bidiyon Baturken nan Yusuf Dikeç na gasar Olamfik ta Faris a 2024, mutum ɗan shekara 51 da furfurarsa da tabaransa na yau da kullum, hannu ɗaya a aljihu kamar mai jiran mai shayi ya miƙo masa canji, ya ɗaga bindiga ya tafi gida da lambar azurfa. Na kalli bidiyon ya fi sau talatin, na dubi madubi na ga ni ma furfurar nan akwai, tabarau akwai, aljihu kuwa kowane kaftani nawa uku gare shi. Me ya rage? Sai na samu Oga, wanda tun da ya aje aiki yake tara yara da 'yan tsofaffi marasa aikin yi irina a ɗakin taron nan ranar Asabar, da bindigogin iska guda biyu da takardunsu cif, na ce a sa sunana.

Kuskuren farko da na yi shi ne faɗa wa surukata. Na je gaisuwa ta ce me ake ciki, na ce wallahi Inna harbi nake koyo yanzu. Tsohuwa ta aje carbi ta dube ni ta ce "Ɗan bindiga za ka zama? Cikin wanga hali da aka ciki?" Na yi bayani na yi bayani, na ce wasa ne kamar ƙwallo, iska ce ke tura ɗan harsashin dalma wanda bai kai ƙwayar masara ba, takarda ake harbi. Ta ce to Allah shi kyauta. Da daddare sai ga wayar yayan Madam wai yana son mu zauna.

Ranar farko na iso hannu a aljihu tun daga bakin ƙofa. Oga ya kalle ni ya ce "Kai ma bidiyon ga kag gani ko? Kowa aljihu shika sa hannu nai, doka ta hana ka tallabe da shi, ina kaka son a kai shi?" Shike nan rabin sirrin da na zo da shi ya tashi a banza. Ya ba ni bindiga, ya nuna mani takarda can mita 10, wato taku goma sha wani abu, na ce a raina wannan ko da dutse na jefa ai sai na samu. Ashe da'irar goma da ke tsakiya faɗinta milimita 11.5 ne kacal, maɓallin riga ya fi ta, harsashin kuma milimita 4.5. Ka tsaya a karkace, hannu ɗaya a miƙe, ba jingina ba komai, bindiga wajen kilo ɗaya, kuma a gasa ta gaske sau 60 za ka yi haka cikin minti 75. Wai akwai wani ɗan Koriya ta Kudu, Jin Jong-oh, da ya taɓa cin 594 cikin 600. Ni da na miƙe hannu sai na ga bakin bindiga yana rubuta sunana a iska. Harbi goma na yi, uku suka taɓa takarda, ɗaya daga ciki a gefen da aka rubuta sunan kamfanin da ya buga ta.

Oga ya ce kafaɗata ce ba ta da ƙwari, in je gida in riƙa ɗaga abu mai nauyin kilo ɗaya ina riƙewa. Na ɗauki dutsen gugar Madam, na ɗiga baƙin tawada a bangon tsakar gida, kullum bayan asuba in tsaya in miƙe hannu ina saitin ɗigon, in ƙirga ashirin in sauke in sake. Kwana huɗu ana haka maƙwabciyarmu da ke leƙowa ta katanga ta kira Madam gefe ta ce akwai wani malami a Kwannawa da ya iya irin wannan, tun abin bai yi nisa ba. Madam kuwa maimakon ta kare ni sai ta ce tunda dai dutsen yana hannunka kullum ga kayan makarantar yara nan.

Amma fa na ci gaba, wannan ko maƙiyi ya shaida. Wata uku ina zuwa. Na daina fizgar kunama, wadda Oga ya ce ina ja "awa mai jan guga rijiya", alhali nauyin gram 500 da ɗan wani abu kawai take buƙata, matsawa ake yi a hankali har harbin ya fita kai kanka ba ka san lokacin ba. Na koyi in ja numfashi in saki rabi in riƙe. Na koyi idan hannu ya daɗe sama ya fara rawa a sauke a sake, ba a dagewa. Abu ɗaya ne ya gagare ni, kuma shi Oga ya fi yi mani faɗa a kai: wai kada in kalli takarda. Idonka ya tsaya kan ɗan ƙarfen saiti na gaba, ka daidaita shi tsakiyar tsagar baya, takardar kuwa ka bar ta ta yi dishi-dishi. Ni kuma hankalina ya ƙi ɗauka, yaya za a ce ka harbi abu amma kada ka dube shi? "Ƙarhen gaba! Ƙarhen gaba nic ce ma!" Har cikin barci ina jin muryar nan.

Sai ranar 'yar gasar da Oga ya haɗa mana, harbi ashirin, takarda huɗu, biyar biyar a kowace saboda takardun tsada gare su. Watan Afrilu, zafin Sakkwato kun san shi, an ɗauke wuta fanka ta tsaya, ɗakin kamar tanderun mai burodi. Bindiga biyu ce don haka mutum biyu biyu ake shiga, kuma ƙuri'a ta haɗa ni da jikanyar Oga, yarinyar da ke aji uku na ƙaramar sakandare, wadda in ta zo gaishe ni har ƙasa take durƙusawa. Ita lamba 1 ni lamba 2, takardunmu na jere da juna.

Dogo kuwa ba wanda ya gayyace shi. Ina son a rubuta wannan. A bakin hanya ya gan ni ina jiran kabu-kabu ya ce ina zuwa, na ce wani ɗan uzuri, ya ce mu je in raka ka, ya hau bayana, kuma ni na biya kuɗin mutum biyu. Mutumin da tun babbar Sallah nake bin sa dubu bakwai da ɗari biyar na kuɗin watanda, kullum sai ya ce alat ɗin bai shigo ba, amma yana da kuɗin data na ɗaukar bidiyon mutane. Wannan Dogon dai da ya taɓa jifar ƙadangare da takalmi ya fasa gilashin motar liman, shi ne ya samu kujera ya zauna bayana da ledar gyaɗa yana sharhi kamar ɗan rediyo. In na ɗaga hannu ya ce "to ga Baturke nan zai yi", in na sauke ya ce "a'a Baturke ya fasa". Oga ya yi masa magana sau biyu. Kuma gyaɗar ma ko tayi bai yi wa kowa ba, ɓawon ya bari a ƙasa ni na share daga baya don kunyar Oga, tunda ni aka gani na zo da shi.

To takarda uku sun wuce lafiya, shida, bakwai, biyar, har da takwas guda biyu. Takarda ta huɗu na yi harbi huɗu, saura ɗaya. Gumi ya cika mani tabarau, na aje bindiga na cire na goge da bakin riga, na juya na harari Dogo, na dawo na gyara tsayuwa. Ina jin a nan ne ƙafata ta ɗan goce, amma lokacin ban lura ba.

Jama'a ban taɓa jin abin da na ji a harbin nan ba. Na sa harsashi, na sa hannu a aljihu, na ja numfashi na ɗaga bindiga sama na sauko da ita sannu sannu, sai kawai duniya ta yi tsit, ban ji Dogo ba ban ji taunar gyaɗa ba ban ji zafi ba, kuma karon farko a rayuwata idona ya kama ƙarfen gaba, ya fito fes kamar an wanke shi, har wani ɗan ƙarce da ke jikinsa na gani, takarda kuwa ta koma wani baƙin ɗigo can cikin hazo, daidai yadda Oga yake faɗa wata uku. Hannu ya tsaya. Yatsa yana matsawa da kansa. Tas! Ban ma san lokacin da ya fita ba. Na ci gaba da riƙewa daƙiƙa biyu kamar yadda aka koya mana, na sauke a hankali, na juyo na kalli jama'a na ce da ƙarfi, da bakina, ba wanda ya tambaye ni:

"Goma."

Har da ɗaga yatsa. Wannan yatsan shi ne ya fi damuna in na tuna.

Oga ya ce a tsaya, aka buɗe bindigogi aka zura zaren nan mai launi mai nuna ba harsashi a ciki cikin bututu aka aje, muka taka zuwa takardu, ni a gaba ina tafiyar mai lambar azurfa. Na cire tawa. Rami ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na sake ƙirgawa. Na ɗaga ta sama saitin taga. Na juya bayanta, wai ko na biyar yana can. Oga ya karɓa ya duba ya ce "Huɗu na."

Na ce Oga ai biyu ne suka bi ta rami ɗaya, yana faruwa ga ƙwararru. Ya ce wane ramin? Na nuna masa wani shida da ke can ƙasa hagu. Ya ce to kai da kac ce goma? Na ce to wataƙila wancan ne, na nuna bakwai. Ya sa tabarau ya kalli ramin ya kalle ni, bai ce komai ba, kuma da ya zage ni da ya fi mani sauƙi.

Sai muryar yarinyar nan daga gefe, a hankali cikin ladabi: "Baba, tawa shidda ta."

Ɗakin ya yi shiru na kamar daƙiƙa uku, sannan Dogo ya faɗo daga kan kujera. Ba ƙari nake yi ba, ƙasa ya kai, gyaɗa ta watse, yana riƙe da ciki yana cewa "takardar yarinya! takardar yarinya ya harba!" kamar akwai wanda bai gane ba. Wani dattijo da ke zuwa kallo ya yi ta salati yana dariya har da hawaye. Ni kuwa ina tsaye da takarda mai rami huɗu, ɗayan hannun har lokacin yana aljihu, na rasa yadda zan fitar da shi.

Yanzu ga inda rigimar take. A takardarta akwai goma ɗaya tsakiya cif, tara biyu, takwas biyu, da wani biyar can gefen dama, wato ɓangaren da ke kallon takardata. Oga ya ce doka a fili take, wanda ya harbi takardar wani sifili gare shi, wanda aka harbar wa kuma in ba a iya tantance nasa ba to mai yawan ake ba shi. Aka share biyar aka bar mata goma. Na ce ban ƙi sifilin ba Oga, amma a rubuta a gefe cewa gomar tawa ce. Ya ce wa ya shaida? Na ce jikina ya shaida, na ga ƙarfen gaba, har ƙarcen jikinsa na gani. Ya ce "Madalla, ka ga ƙarhe. Lamba fa, ka gane ta?" Na ce ai kai ka ce kada in kalli takarda! Ya ce shi bai ce kada in san wace ce tawa ba.

Na juya wurin yarinya na ce 'yata ki ji tsoron Allah, a cikin harbinki biyar ba ki ji wanda ya kuɓuce maki ba? Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabi ta ce "Kawu ni dai rabona da biyat tun kahin azumi." Dogo da ya fara tashi ya koma ƙasa.

Ku duba fa, in da biyar ɗin nawa ne da na ji a hannuna, mai harbi yana sanin harbinsa, Oga da kansa ya koya mana haka. Kuma ita yarinyar a takardunta uku na farko goma nawa ta yi? To, huɗu ta yi, amma wannan ba hujja ba ce.

Ita ta zo ta ɗaya, aka ba ta kwalin sabulu da dubu biyu. Ni na zo na bakwai cikin takwas, na takwas ɗin cikinsa ya murɗa ya tafi gida tun a takarda ta biyu. Da za mu fita ta biyo ni da gudu ta miƙo mani takardar wai in ajiye tunda ina so, ban sani ba ko tausayi ne ko Dogo ne ya aiko ta. Na karɓa dai. Tana cikin durowa.

Madam ta ji labari kafin in iso gida, ban san ta wace hanya ba amma ina da wanda nake zargi. Ina shiga ta ce sannu da zuwa Baturke, ga kayan yara can an wanke.

Asabar mai zuwa Oga ya ce zai rubuta lambata da babban baƙi a kwali ya rataye saman takarda. Wanda ya ga Dogo ya ce masa dubu bakwai da ɗari biyar ne, da ɗari huɗu na kabu-kabu.